Minti Ashirin da Biyar a Sama

Hajar ta ninke koriyar takardar gida biyu, ta tura ta can ƙasan jaka, ƙarƙashin cajar waya, sannan ta amsa kiran Kawu Salihu.

"Ta fito?" Ko sallama bai tsaya yi ba.

"Ina ofishin har yanzu, Kawu. Akwai layi."

Babu wani layi. Matar da ke rajistar mace-mace ta gama da ita cikin minti ashirin, har ta miƙo mata tishu ba ta nema ba. Takardar izinin binne Umma ce, wadda kowa ke ce wa green form. In babu ita, asibiti ba zai saki gawa ba, maƙabarta kuma ba za ta karɓa ba.

"Har mutuwa sai an bi layi," in ji Kawu. Tana jin ƙarar hanya ta bayansa. "Mu mun wuce Stoke. Mota huɗu muka taso daga Sparkhill, mutanen Ladywood suna biye da mu. Sha'aban ya taso?"

"Hazon bai ɗaga ba."

"Wane irin hazo ne kwana uku? Tafiyar minti ashirin da biyar ce fa. Ni na duba da idona."

"Na sani, Kawu."

"To me ake jira?"

Ta ce masa bas ɗinta ya zo, ta manta cewa yanzu ta ce tana cikin layi. Bai lura ba, ko kuma ya lura ya bari.

Umma ta rasu ranar Laraba da asuba, wata uku da zuwanta daga Kano don ta ga 'ya'yanta. Su biyu ne kacal: Hajar, mai haɗa magani a wani kemis a Manchester, da ƙanenta Sha'aban, nas, wanda ya zaɓi aikin riƙon ƙwarya a tsibiran da ke can arewacin Scotland. Duk inda nas ɗin gari ya tafi hutu, shi ake turawa. Wannan watan yana Fair Isle, tsibiri mai mutum kamar sittin da tumaki ba adadi, kuma shi kaɗai ne ma'aikacin lafiya a kansa.

Kawu Salihu ƙanen Umma ne, injiniya mai ritaya, shekararsa talatin a unguwar Sparkhill ta Birmingham. Ranar Laraba da yamma ya buɗe wayarsa ya yi lissafi. Daga Fair Isle zuwa filin jirgin babban tsibirin Shetland mil arba'in da bakwai, minti ashirin da biyar a jirgi. Daga nan zuwa Aberdeen awa ɗaya. Daga Aberdeen zuwa Manchester awa ɗaya da 'yan kai. Ya haɗa, bai kai awa uku ba, bai kai Kano zuwa Kaduna ba. Nan take ya rubuta sanarwa ya watsa a duk group ɗin da yake ciki: jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kafin Hajar ta gani, mutum ɗari biyu sun amsa da addu'a.

Lissafin daidai ne. Abin da Kawu bai saka a ciki ba shi ne jirgin kujera takwas ne, ba kowace awa yake tashi ba, kuma matuƙin sai ya ga filin sauka da idonsa kafin ya sauka. Filin da yake sauka a Shetland ma ba shi ne filin da jiragen Aberdeen ke tashi ba, akwai tafiyar mota a tsakani. Kuma jirgin da zai ɗauko Sha'aban shi ne zai kawo wadda za ta canje shi. Hajar ta faɗa masa wannan duka sau uku. Kowane karo amsarsa ɗaya ce, cewa shi ya duba.

A cikin bas ta kira Rayyan, mai kula da jana'iza a masallacin unguwarsu. Mutum ne mai haƙuri wanda ya saba da iyalai masu canza magana.

"Sister, abu biyu ne a gabanki," ya ce da Turanci. "Yau ƙarfe uku, ko gobe Asabar sha ɗaya na safe. In yau ne, ina bukatar takardar a hannuna kafin sha ɗaya, don in ɗauko ta daga asibiti ku samu ku yi wanka kafin Juma'a. Kin karɓo?"

"Na karɓo. Amma in kawuna ya kira ka, ba ka sani ba."

"Ni ba zan yi ƙarya ba. Amma ina tuƙi da yawa yau, ba lallai in ɗaga waya ba."

Ta kalli agogo. Tara da rabi da minti biyar.

In aka yi yau, Sha'aban ba zai samu ba, ko da jirgin ya tashi yanzu. In aka bari gobe, kuma jirgin ya fito da shi yau, zai kwana a Manchester ya saka mahaifiyarsa a kabari da hannunsa. A al'adarsu mata ba sa zuwa maƙabarta. Idan ba shi, Umma za ta shiga ƙasar da ba tata ba, a hannun maza waɗanda rabinsu ba su taɓa jin muryarta ba, babu ɗanta ko ɗaya a bakin ramin.

Amma gobe na nufin ƙarin kwana a mutuware. Umma kuwa, satinta na farko a garin, ta tsaya a gaban firjin wani kanti tana kallon kaji a daskare, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Hajar, in ta Allah ta kasance ina nan, kada ki bari a jera ni haka." Hajar ta yi dariya a lokacin, ta ce to. Yau kwana biyu ke nan Umma tana jere.

Ta kira Sha'aban. Iska ce ta fara amsawa, sannan muryarsa.

"Yaya, ina filin. Ya fara washewa. Ina iya ganin tumakin da ke ƙarshen hanyar jirgi."

"Ni ba tumaki na tambaye ka ba. Jirgin ya taso?"

"Sun ce suna dubawa zuwa goma."

"Jiya ma haka suka ce."

"Jiya ko takalmina ba na gani."

"Sha'aban, ina da zuwa sha ɗaya. Takardar tana jakata, na ce wa Kawu ba ta fito ba. Ka gane abin da nake yi saboda kai?"

"Na gane."

"Ka haɗa kayanka?"

"Tun Laraba."

Ta kashe. A tasha ta gaba wani ɗalibi ya shigo da keken da ake naɗewa, ya taka mata ƙafa, ya ba ta haƙuri sau uku. Ba ta ɗago ba.

Flat ɗinta na unguwar Hulme ɗaki biyu ne a hawa na uku. Takalman mata sun cika ƙofa har kan matakala. Matan 'yan jami'a da suka kwana biyu suna zaman makoki tare da ita sun shimfiɗa barguna a falo, wata ta dafa shayi a babbar tukunya. Ta gaisa, ta karɓi gaisuwa, ta amsa tambaya ɗaya sau shida: a'a, bai taso ba tukuna. Jakar ba ta bar kafaɗarta ba.

Goma da kwata mutanen Birmingham suka iso. Mazan suka tsaya a ƙasa wajen ajiye motoci, suna neman inda ba za a manna musu takardar tara ba. Kawu ya hawo da matarsa, Anti Zinatu, yana haki, babbar riga a kan suwaita.

"Ina takardar?"

"Sun ce system ɗinsu ya tsaya, Kawu. Za su kira ni."

"System." Ya zauna a kujerar da aka tashi aka ba shi. "Ƙasar da ake cewa komai na aiki. Kuma kika taho kika bar su? Ai ba a barin ofis, zama ake yi a gabansu har su gaji da ganinki. Shi wancan na masallacin kuma ba ya ɗaga waya. Ba ni address ɗin, ni zan je."

"Ba za su ba ka ba. Sunana ne a kai."

"Za su ba ni. Shekarata talatin ina magana da council."

"Alhaji, ka sha ruwa tukuna," in ji Anti Zinatu.

Bai sha ba. Ya ciro waya, ya faɗaɗa taswira da yatsu biyu, ya nuna wa matan da ke kusa, waɗanda ba su tambaya ba. "Ku duba nan. Ga tsibirin, ga ɗayan. Ɗan yatsana ya rufe tsakaninsu. A ce mutum ya kwana uku bai tsallaka wannan ba? Ba masunta a garin? Ya ba mai kwale-kwale wani abu ya tsallakar da shi mana."

"Ba kogi ba ne, Kawu. Teku ne. Jirgin ruwan ma da ranakunsa, kuma bai fita ba wannan satin."

"To a yi shatar jirgin sama. Mu nawa ne a group? A haɗa."

"Jirgin shata ma ta cikin hazon zai bi."

"Ya bar wa wani nas ɗin aikin ya taho."

"Babu wani. Shi kaɗai ne."

"Gari guda nas ɗaya?"

"Mutum sittin ne."

"To me ya kai shi?" Kawu ya ɗaga murya. "Duk asibitocin da ke Birmingham, duk na Manchester, yaro ya tsallake ya tafi inda babu masallaci, babu mahauci, babu ko wanda zai ce masa sannu da Hausa. Na faɗa wa mahaifiyarku tun bara. Yanzu ga shi."

A wannan ɗin Hajar ta yarda da shi.

Ya sassauta. "Hajar, ni ba ƙin yaron nake ba. Yayata ce. Kwana biyu ina kwanciya ina tuna inda take kwance. A gida da tuni an yi sadakar uku. Daga Kano sun kira ni sau goma, ban san abin da zan ce musu ba. Gaggauta jana'iza haƙƙinta ne, ba namu ba, ba na Sha'aban ba. Ga mutane sun bar aikinsu sun yi tuƙin awa biyu. In takardar nan ba ta fito ba, me zan ce musu?"

"Da ba ka sa rana ba sai da ka tambaye ni."

Wata ta ajiye kofinta a hankali.

"Ke zan tambaya?"

"Ni ce a asibitin, Kawu. Ni ce a ofishin."

Anti Zinatu ta miƙe ta kama hannunta. "Zo ki nuna min inda kike ajiye sukari."

A kicin ta rufe ƙofa ta jingina da ita. Mace ce gajera mai gilashi, ta yi shekaru tana koyarwa a firamare, kuma kallon da ta yi wa Hajar na aji ne.

"Tun da muka shigo ba ki sauke jakar nan ba. A gidanki."

Hajar ta kalli tukunyar shayi.

"Ba zan faɗa masa ba," in ji Anti Zinatu. "Amma ki sani, in goma da rabi ta wuce zai sauka ya tafi ofishin nan da mutum biyar, ya yi musu wa'azi. Kuma za su ce masa kin karɓa tun tara. Sai yaushe za ki riƙe?"

"Sha ɗaya."

"In jirgin bai tashi ba fa?"

"Sai in ba shi."

"In ya tashi?"

"Sai in ce masa gobe."

"Ki ce wa Alhaji Salihu gobe, bayan ya tara mota tara." Ta cire gilashin ta goge da bakin mayafi. "To. Bari in je in sa shi ya ci wani abu. In yana tauna ba ya tafiya."

Ta fita. Hajar ta tsaya a bakin taga tana kallon mazan a ƙasa. Biyu daga cikinsu suna gardama da allon dokar ajiye mota. Ta buɗe shafin jiragen a wayarta, ta sabunta, babu sabon abu. Ta sake. Ta kira Sha'aban, bai ɗaga ba. Ta tura masa alamar tambaya. Goma da rabi. Daga falo tana jin Kawu yana bayanin yadda ake saka fitilun sauka a filayen jirgi na zamani, bakinsa cike.

Sha ɗaya saura kwata wayar ta yi ƙara. Kafin ya yi magana ta ji shi, ƙarar farfela, ƙarara, tana nisa da kaɗan-kaɗan.

"Ya zo," ta ce. "Alhamdu lillahi. Kana ciki?"

"Ya zo. Ya tashi."

Ta saurari ƙarar tana ƙanƙancewa.

"Ban shiga ba, Yaya."

"Ban ji ba."

"Wadda za ta canje ni ba ta ciki. Tana Aberdeen tun jiya, jirginta bai samu sauka a Shetland ba. Wasiƙu ya kawo da mutum biyu masu kallon tsuntsaye."

"Akwai kujera?"

"Akwai."

"Akwai kujera, ka tsaya kana kallonsa ya tashi."

"Akwai wani tsoho a nan. Cutar daji ce, ta cinye shi, ya ce a gidansa zai mutu. Ni nake masa allurar ciwo, duk awa huɗu. Matarsa ta haura tamanin, hannunta rawa yake. In na tafi babu mai yi masa har sai an kawo wani, wataƙila Litinin. Na kira manya, sun ce ba za su hana ni tafiya ba. Haka suka ce, ba za su hana ni ba."

"Tun yaushe ka san ba ta ciki?"

Iska ta cika layin. "Tun da safe nake zato."

"Tun da safe. Ina bas kana ba ni labarin tumaki."

"Na ɗauka ko za a yi dace."

"Na yi wa Kawu ƙarya sau biyu. Na yi masa rashin kunya a gaban mata. Na bar Umma a firij ina kallon agogo, saboda kai."

"Ban sa ki ba, Yaya."

Ta janye wayar daga kunnenta ta kalle ta. Da yana gabanta da ta mare shi, kamar yadda ta yi sau ɗaya yana ɗan shekara tara. Ta mayar da ita.

"Jirgin rana fa?"

"Hazon yana dawowa. Ko ya zo, ita ba ta iso ba." Muryarsa ta karye, ya gyara ta. "Na ɗauki jakata har bakin jirgin. Matuƙin ya miƙo hannu zai karɓa. Ban iya ba. Ku yi yau. Ta ce miki kada a bar ta, ni ma ta faɗa min."

"Wa zai saka ta?"

"Kawu yana nan."

"Kawu." Ta ja numfashi. "Je ka yi allurarka."

"Yaya—"

"Ƙarfe uku ne. Ka nemi inda za ka tsaya ka yi mata addu'a."

Ta kashe, ta kira Rayyan. Bugu ɗaya ya ɗaga. Ta ce masa yau ne, takardar tana zuwa. Ya ce yana ƙasan gidanta tun goma da rabi, a cikin mota, ya ga gara ya jira kusa.

A falo Kawu ya miƙe, yana gyara hula, makullin mota a hannu. Ta buɗe jakar a gaban kowa, ta ciro cajar, ta ciro takardar, ta miƙa masa da hannu biyu.

Ya warware ta. Ya karanta daga sama har ƙasa, a hankali, kamar takardar kwangila. Ya kalli jakar, ya kalli matarsa, wadda ke tattara kofuna da himma.

"Sha'aban fa?"

"Jirgin ya zo. Babu wanda zai karɓe shi, yana da mara lafiya. Ya ce a yi."

Kawu ya buɗe baki. Duk falon ya jira. Ya rufe, ya ninke takardar a kan ninkin da ta yi.

"Allah ya ba shi lada," ya ce, kamar an ƙwace daga bakinsa. "Ku tashi, lokaci ya tafi."

Daga nan komai ya yi sauri. A ɗakin wanka na masallacin, Hajar da Anti Zinatu da wata dattijuwa 'yar Somaliya suka yi wa Umma wanka. Jikin ya yi sanyi ƙwarai, Hajar ta sa aka ƙara ruwan ɗumi sau biyu, babu wadda ta ce mata ba shi da amfani. Suka sa mata likkafani. Aka yi Juma'a, aka yi sallar gawa, sahu ya kai har bakin ƙofa saboda sanarwar Kawu ta isa inda ba a zata ba.

A waje maza suka nufi motocinsu. Anti Zinatu tana tattara mata, tana ƙirga waɗanda za su koma Hulme. Hajar ta wuce ta gabanta, ta tsallaka titi, ta buɗe ƙofar baya ta motar Kawu, ta zauna kusa da wani likita ɗan Ladywood da ba ta san sunansa ba. Mutumin ya matsa har ya manne da ɗaya ƙofar.

Kawu ya kalle ta ta madubi.

"Hajar, motar mata tana can."

"Na gani."

"Maƙabarta za mu."

"Na sani, Kawu."

"Ba a yi. Kin san ba a yi."

"Ba zan yi kuka ba. Ba zan matso ba. Zan tsaya inda zan gani."

"Mutane za su yi magana. Har Kano za ta kai."

"Ta kai."

Motar gawa ta fito daga harabar masallacin, ta tsaya a bakin titi tana jiran su shige gaba. Na baya ya danna hon a hankali. Kawu ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana kallon gaba, leɓensa na motsi ba sauti. Likitan ya shiga duba wayarsa.

"Ɗaura bel," in ji Kawu, ya tayar da mota.